Murucin Bisa: Yadda Ake Gane Shi, Da Yadda Ake Sa Shi Ya Yi Fure

Jama'a, wannan mako za mu ɗan jingine maganar gyaɗa da auduga, mu ɗaga kai sama mu dubi wani tsiro wanda da yawa daga cikinmu mun sha wucewa ta ƙarƙashinsa ba mu kula ba. Duk wanda ya saba bin kurmi ko bakin rafi, musamman a ƙasashen da ruwan sama ke wadata, ba zai rasa ganin wani cunkus manne a wuyan giginya ko a tsakanin rassan wani babban itace ba, sai ka ce an ɗaure damin gajerun rake an rataye. A gindinsa akwai fararen saiwoyi sirara masu tsini, sun miƙe sama kamar ƙayar beguwa. Da rani, sa'ad da daji ya bushe ƙayau, sai ka ga ya fid da zangarniya mai rassa, cike da furanni rawaya masu ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa. Hausawa na ce masa murucin bisa, waɗansu kuma su ce manta uwa.

To, ga abin da ya sa muka ɗauko maganarsa. Yanzu akwai masu neman irin waɗannan tsire-tsire da kuɗinsu don ƙawata gida ko ofis. Mutum ya saya wurin masu sayar da furanni a bakin hanya, ko wani ya tsinto masa a jikin itacen da aka sare, ba takarda, ba suna. Ya kai gida ya dasa, ya yi ta ban ruwa safe da yamma. Shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta, sai ganye kurum. Wani ma kafin damina ta fita ya ruɓe. Daga nan sai ka ji yana tambaya: shin wannan wane irin tsiro ne, kuma me ya hana shi fure? Ai tambayoyin nan biyu uwarsu ɗaya. Wanda bai san inda tsiro ke zaune a daji ba, da abin da yake samu a can da abin da yake rasawa, ba shi da hanyar sa shi fure a gida. Yawancin waɗanda ke mutuwa a hannun mutane kuwa, gata ne ya yi musu yawa.

BA KAUCI BA NE

Manomi in ya ga wani abu ya tsiro a kan itacensa, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne kauci, kuma yana da gaskiya in ya ji tsoro. Kauci ɓarawo ne. Tsuntsu ke kai irinsa ya goga a reshe, shi kuwa ya tsiro, ya huda ɓawo ya shiga naman itacen, yana shan ruwan da itacen ya jawo wa kansa. Shi ya sa reshen ɗorawa ko kaɗanya ko lemo da kauci ya kama yakan kumbura a wurin, ƙarshensa ya rame, 'ya'ya su ragu. Maganinsa sai a sare reshen ta ƙasa da kumburin.

Amma kama da wane ba wane ba ne. Murucin bisa baƙo ne da ya zo da guzurinsa, masauki kaɗai yake nema. Saiwarsa ba ta huda itace, kwanciya take yi a bayan ɓawo ta riƙe. In kana son ka tabbatar, sa bakin wuƙa ka ɗaga saiwa ɗaya. In ta ɓamɓaru ta bar ɓawon lafiya, ba kauci ba ne, domin shi kauci ba ya ɓamɓaruwa, shi da reshen sun riga sun zama nama ɗaya. Ko a ido ma sun bambanta. Ganyen murucin bisa dogo ne, jijiyoyinsa sun miƙe a jere daga gindi zuwa tsini kamar na dawa. Kauci kuwa rassa gare shi na itace sosai, da gajerun ganyaye, da furanni sirara jajaye kamar tsinken ashana. Saboda haka kada kowa ya hau itacensa da adda don ya ga murucin bisa. Ba ya rage maka ko kwano guda na kalwa.

To, da me yake rayuwa? Saiwoyin nan masu tsini da suka dubi sama, su ne kwandonsa. Busassun ganyaye da ƙura da kashin tsuntsaye suna faɗowa su maƙale a ciki, su ruɓe, su zama takinsa. Sauran saiwoyin masu kauri suna da wata farar riga mai kama da soso, wadda ke tsotse ruwan sama da raɓa nan da nan, iska kuma ta busar da ita ba da jimawa ba. Karan nan masu kama da rake kuwa su ne rumbunsa, a ciki yake tara ruwa da abinci saboda rani. Ku riƙe waɗannan da kyau, kwando da soso da rumbu, gama duk dabarar renonsa daga gare su ta fito.

DANGINSA DA SUNANSA

Masana tsire-tsire sun sa shi cikin wani babban dangi da Turawa ke kira okid, wanda ke da iri wajen 28,000 a duniya. Alamar dangin da ba ta ƙarya tana cikin fure. Furen okid ganyayensa shida ne, uku a waje, uku a ciki. Ɗaya daga cikin na cikin ya bambanta da 'yan'uwansa, ya zazzago kamar leɓe, a nan ƙwaro ke sauka. A tsakiya akwai wani ɗan ginshiƙi guda wanda ya haɗa namiji da mace. Garin furen ba ya tashi a iska kamar bununin gero; a dunƙule yake, sai ƙwaro ya zo ya tafi da shi gaba ɗaya manne a jikinsa.

Sunan murucin bisa a fili yake: karansa ya ɗauko kamar muruci, ga shi kuwa a sama yake. Sunan manta uwa ma ba yau aka fara jinsa ba, yana cikin littafin sunayen tsire-tsire da Hausa wanda likitan nan Dalziel ya rubuta, aka buga a 1916. Asalinsa shi ne mutanen da sukan ba yaro shi wajen yaye, wai don ya daina ƙulafucin uwarsa. A nan sai a yi hattara ƙwarai. Sunan manta uwa ba tsiro ɗaya ake ba wa ba, akwai waɗansu dabam da ba su haɗa dangi da wannan ba ko kaɗan. Don haka ba mu ba kowa shawarar ya ɗura wa yaro abin da suna kawai ya sani ba.

A littattafan masana ana kiransa Ansellia africana, kuma sunan yana da ɗan labari. A shekarar 1841 Turawan Ingila suka aiko da jiragen ruwa uku masu tafiya da tururi su hau Kogin Kwara. Tafiyar ba ta yi daɗi ba, zazzaɓi ya kashe da yawa daga cikinsu. A cikin ayarin akwai wani mai tattara tsire-tsire, John Ansell, shi ne ya sami wannan tsiro a tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko. A 1844 wani masani a Ingila, John Lindley, ya bayyana shi a rubuce ya raɗa masa sunan Ansell. Af, a cikin wannan ayari ne kuma Schön yake, wanda daga baya ya wallafa littattafai a kan harshen Hausa.

Ana samunsa tun daga Afirka ta Yamma har Afirka ta Kudu. Karansa yakan kai ƙafa 2, wani ya zarce, ganyayen kuma suna can wajen saman karan. Zangarniya daga ƙolin kara take fitowa, takan ɗauki fure 10 har zuwa 100, kowane faɗinsa wajen inci 2, da ɗan ƙanshi. Na wani wuri ɗigonsa manya ne har su kusa rufe rawayar, na wani wuri kuwa kusan rawaya ne zalla. Wannan ya sa a da aka ba shi sunaye dabam dabam, amma yanzu masana sun tsaya a kan iri ɗaya ne.

NA ƘASA DA NA KANTI

Ba kowane okid ke hawa itace ba. A cikin ciyawar daji da gefen fadama akwai na ƙasa, yawancinsu daga gidan da ake kira Eulophia. Su rumbunsu a binne yake, kamar ƙananan gwaza a jere. Da farkon damina, musamman inda gobarar daji ta bi, sukan turo doguwar zangarniya mai furanni shunayya ko rawaya, sau da yawa tun ganye bai fito ba. Waɗannan ƙasa suke so, mai yashi da ruɓaɓɓen ganye wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta, da rani kuma a bar su su bushe sarai har su zubar da ganye.

Akwai kuma wanda ake shigowa da shi daga waje, ana sayarwa a manyan birane cikin ƙananan tukwanen roba, sunansa Phalaenopsis, asalinsa Kudu maso Gabashin Asiya. Ba shi da kara, sai ganyaye faɗaɗa masu kauri kamar harshen saniya, suna kwance dama da hagu. Da yake ba shi da rumbu, ba ya jure dogon ƙishi, rana kai tsaye kuma tana ƙona shi. Abin da ke hana shi sake fure a ƙasarmu zafi ne. Muddin zafin rana yana haura digiri 28 a ma'aunin Salshiyos, ganye zai yi ta yi. Sai ya sami makonni da dama na sanyi-sanyi, ƙasa da digiri 25, sa'an nan ya turo zangarniya. Watau hunturu ne lokacinsa. A ajiye shi a wuri mafi sanyi mai haske a gida, inda iskar hunturu ba ta dukansa kai tsaye.

Kun ga ke nan tambayar farko da za ka yi wa baƙon tsiro ita ce: ina rumbunka? In a kara yake, na bisa ne. In a binne yake, na ƙasa ne. In babu, a yi masa sannu-sannu da rana da ƙishi.

DASAWA

Mu koma kan namu. Kada ka ɗauki kara ɗaya tak, da ƙyar zai kama. Ka raba cunkus ɗin da wuƙa mai kaifi mai tsabta, kowane kashi ya sami kara 4 ko fiye, da sabon toho ko ɗaya. Lokacin da ya fi shi ne farkon damina, sa'ad da sababbin saiwoyi suka fara leƙowa.

Hanya mafi sauƙi, wadda mu muka fi yarda da ita, ita ce a mai da shi inda ya saba. Nemi itace mai rai mai kaushin ɓawo, kamar ɗorawa ko mangwaro ko giginya, ka ɗaure shi a tsakanin rassa ta wajen gabas, da igiyar rama ko tsumma, ya ɗauru tamau. In yana motsi, sababbin saiwoyi ba za su iya kama ɓawon ba. A ɗaga shi inda akuya ba za ta kai ba ko ta yi miƙe.

Wanda ba shi da itace, sai ya sami tukunyar ƙasa mai faɗin baki, ya ƙara mata huji a gindi da gefe, ya cika ta da gawayi manya-manya da tsingaro da guntayen ɓawon itace. Ban da baƙar ƙasa, ban da yumɓu, ban da ɗanyen taki. Nan ne mutane suka fi yin asara. Saiwar da aka halitta ta sha iska, in ka binne ta a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ka shaƙe ta ke nan; sai ta yi baƙi ta yi laushi, karan ya motse, mai shi kuma ya zaci ƙishi ne ya ƙara ruwa. Gindin karan ya zauna bisa gawayin, kada a nutsar da shi. Saiwoyin nan masu tsini in sun miƙo sama, a ƙyale su. Ba ƙazanta ba ce. A ɗora tukunyar kan dutse ko a rataye ta saboda gara.

ABIN DA KE KAWO FURE

Na fari haske. Murucin bisa ba ɗan ɗaka ba ne, can ƙolin itace ya saba zama. Wanda aka ajiye a falo ko a ƙarƙashin inuwa mai duhu zai rayu shekara da shekaru bai yi fure ba. Yana son ranar safe tun daga fitowarta har hantsi ya yi sosai, sa'an nan inuwa mai ratsin haske da tsakar rana. Ganyen zai gaya maka gaskiya. In ya yi kore shar mai duhu, yana da ban sha'awa a ido amma haske bai ishe shi ba. In koren ya ɗan ja wajen rawaya, daidai ke nan. In ya yi tabo baƙi busasshe, rana ta yi masa yawa. In za ka fid da shi daga inuwa, yi da kaɗan-kaɗan cikin mako biyu ko uku, kada ka yi masa farat ɗaya.

Na biyu, wanda ya fi wuya mutane su yarda da shi, hutu ne. Da damina a ci da shi a shayar da shi, domin lokacin ne sabon kara ke tasowa, kuma sabon karan da ya ƙoshi shi ne zai ɗauki zangarniya. In ruwan sama ya yi fashi, a ba shi ruwa da safe har ya zuba ta ƙasa, kada a ƙara sai gawayin ya sha iska. Taki kuwa ya zama mai rauni: ƙulla tsohon busasshen kashin shanu a tsumma, jiƙa a bokiti har ruwan ya yi launin shayi marar ƙarfi, ka zuba masa sau ɗaya cikin mako biyu. Mai takin zamani ya yi amfani da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a jikin buhu ko kwalba. Yuriya zalla kam a bar ta. Kowane mai lambu ya san abin da take yi wa tumatir in ta yi yawa, ganye ya yi ta bunƙasa, fure ya ƙi.

Daɗa in kaka ta yi, sabon kara ya gama tsawo ya yi ƙarfi, sai a ɗauke taki ɗungum, a janye ruwa na mako 4 zuwa 6. Wannan ƙishin da sanyin dare su ke gaya masa rani ya shigo, lokacin fure ya yi. In karan ya ɗan yi tamoji, ba kome, rumbunsa yake ci. Amma fa a lura da ƙasar da ake. A daji, wuraren da yake zaune ba su rasa raɓa da laimar rafi. Mutumin Kano ko Sakkwato ko Damagaram, inda hunturu ke busar da kome har leɓe ya tsage, ya riƙa yayyafa wa saiwoyin ruwa da safe bayan 'yan kwanaki, ya kuma kare shi daga bugun iska. Ragewa muka ce, ba hanawa ba. Da zarar zangarniya ta leƙo daga ƙolin kara, a koma ba shi ruwa daidai gwargwado, kada kuma a riƙa jujjuya tukunyar.

Wannan sha'ani na hutu ba a murucin bisa kaɗai ya tsaya ba. Banila, ƙanshin nan da ake sa wa biskit da kek da askirim, 'ya'yan wani okid ne mai yaɗo, asalinsa Meziko, yanzu kuwa Madagaska ce kan gaba wajen nomansa. Masu nomansa sun san sai ya ɗanɗana 'yan makonnin fari yake fure, furen kuma yini ɗaya yake yi a buɗe. Dabarar haɗa masa aure da hannu, da ɗan tsinke da babban yatsa, wani yaro bawa ne ɗan shekara 12, Edmond Albius, ya gano ta a tsibirin Reunion a 1841, kuma ita ake bi har yau.

Abu na ƙarshe haƙuri. Wanda aka raba ko aka ciro daga itace yakan yi shekara ɗaya ko biyu yana gyara zama kafin ya yi fure. Tsofaffin karan da suka zubar da ganye kada a yanke su muddin suna da kauri da ɗanye, su ke ciyar da toho. In ka ga waɗansu fararen ƙwari kamar ɓurɓushin auduga a hammatar ganye, goge su da tsumma da ruwan sabulu.

GA 'YAN KASUWA

Wanda ya ga ana sayen abin, kada ya ɗauki buhu ya shiga kurmi yana kwasa. Cunkus babba aikin shekaru masu yawa ne, kuma ba ya mayuwa da sauri. Irin okid kamar ƙura yake, ba shi da guzurin abinci a cikinsa kamar ƙwayar wake, ba ya tsirowa a daji sai ya dace da wani irin naman gwari da zai ci da shi. Sai a 1922 wani Ba'amurke, Lewis Knudson, ya nuna yadda za a tsirar da shi a kwalba da sukari da sinadarai, kuma ko ta nan sai an yi shekaru kafin a ga fure. Saboda kwasa da saran itatuwa, masu lura da halittun duniya sun riga sun sa murucin bisa cikin jerin waɗanda ke raguwa. Akwai kuma yarjejeniyar ƙasashe da ake kira CITES, wadda ta fara aiki a 1975, Nijeriya na cikinta, kuma ta shafi dangin okid duka: ba a ƙetare iyaka da wanda aka ciro daga daji sai da takardar izni. Hanyar da ta fi ita ce a ceci wanda ke jikin itacen da ya faɗi ko aka sare, a rene shi, in ya yi yawa a raba a sayar da rabin.

IN FUREN YA FITO

Duk abin da muka faɗa na kara da ganye da saiwa, kusantar da kai yake yi kurum. Akwai waɗansu okid na bisa da dama a kurmin ƙasar nan, har da ƙanana masu farin fure kamar tauraro da doguwar wutsiya, kuma ko masani ba ya rantsuwa a kan suna sai ya ga fure. Saboda haka a tanadi ɗan littafi tun ranar da tsiron ya shigo hannu; ma'aikatan ofis sun san amfanin wannan. A rubuta inda aka samo shi, da irin itacen da yake kai, da wata, da tsawon kara, da yawan ganye. Ranar da fure ya buɗe a ƙara kwanan wata da launi da ƙanshi, a ɗauki hotonsa da waya ta gaba da ta gefe, da ɗan ma'auni ko kwalin ashana a kusa don a ga girmansa. A tsinki fure biyu a shimfiɗa su tsakanin tsofaffin jaridu, a danne da abu mai nauyi, ana sauya jaridar kullum har su bushe. Da wannan za a je wurin malamin gona ko na gandun daji. In abin ya gagare su, akwai ɗakin ajiyar busassun tsire-tsire a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da kuma na Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya da ke Ibadan, inda za a gwada naka da waɗanda aka riga aka sa wa suna.